Ɗan Gyartai a Whitechapel

Amina, Idris, na san abin da aka gaya muku game da barina gidan Kawu Sa'idu. An ce ubanku butulu ne. An ɗauko shi daga ƙauye aka kawo shi London, aka ba shi ɗaki da abinci, shi kuwa ya zaɓi fasassun farantai ya bar kawunsa. Na ji ke Amina kina maimaita wa ƙaninki wannan da Turanci a kicin, kuna tsammanin ba na ji. Ni tun ina yaro magana ba ta zo mini da sauƙi, alƙalami ya fi mini baki. To ga shi na rubuta, da Hausa kuma. In ta yi muku wuya ku sa mamanku ta taya ku.

Kakanku, wanda kai Idris ka ci sunansa, gyartai ne. Gyartai shi ne mai ɗinke ƙwarya in ta fashe. Yakan rataya jakarsa ya bi unguwa-unguwa yana kira, mata su aiko masa da ƙoƙo ko masaki ko ƙwaryar nono da ta tsage, ya zauna a ƙofar gida ya gyara. Na sha zama ina kallonsa. Ba ya fara aiki sai ya bi tsagar da babban yatsa daga farkonta har inda ta tsaya, don ya ce tsaga takan wuce inda ido ke gani. Sannan ya sa tsinken ƙarfe a garwashi, ya huda ramuka biyu-biyu, ba kusa da bakin tsagar ba don kada ya yage, ba nesa ba don kada ɗinkin ya saki. Ya zura jiƙaƙƙen zaren kaba ya ja, ya ja, har bakunan biyu su haɗu. In ya gama sai ya cika ƙwaryar da ruwa ya ɗaga ta bisa kansa. In ɗigo ɗaya ya sauka a hularsa, sai ya warware ya sake. Wannan ita ce sana'ar da aka ciyar da ni da ita har na shiga makaranta, kuma ita ce sana'ar da Kawu Sa'idu bai taɓa yafe wa Inna ba da ta auri mai yin ta.

Kawu Sa'idu yayan Inna ne, ɗan boko na farko a danginsu, yana aiki a wani ofis wajen Charing Cross. Zan faɗi alherinsa kafin komai, don gaskiya na zauna rubutawa. Shi ya nemo mini gurbin karatu, shi ya aiko da tikiti, shi ya tarye ni a filin jirgi da rigar sanyi a hannunsa don ya san ban zo da ita ba. Ya ba ni ɗaki ni kaɗai a flat ɗinsa, wani sashen bene a Whitechapel, alhali 'ya'yansa mata uku suna cunkushe a ɗaki ɗaya. Amma tun muna cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a wannan rana ta farko, akwatina na tsakanin ƙafafuna, ya sunkuyo ya yi mini magana ƙasa-ƙasa.

"Habu, in an tambaye ka sana'ar mahaifinka, ka ce yana harkar kayan gida."

Na dube shi.

"Ai ba ƙarya ba ce. Ƙwarya ba kayan gida ba ce? Nan London ne, amma Hausawan nan sun fi na gida tambayar asali."

"To, Kawu."

Na faɗi haka, kuma na yi ta faɗa. A masallaci na faɗa, a gidan suna na faɗa, likitoci da ma'aikatan ofis da ke zuwa wurin Kawu ranar Lahadi duk na gaya musu mahaifina yana harkar kayan gida. Suna jinjina kai, suna hango shago mai hawa biyu cike da kujeru. Wannan laifina ne, ba na Kawu ba. Ba wanda ya matse mini baki.

A cikin sanyin shekarata ta biyu aka bugo wa Kawu waya a ofis cewa Baba ya rasu. Ya dawo gida da wuri, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina ya gaya mini, ya zauna a gefen gado ya yi addu'a tare da ni, kuma na yarda da zuciya ɗaya ya yi. Zuwa gida bai yiwu ba, an riga an yi jana'iza kafin labarin ya iso. Sai na roƙe shi a sanar a masallaci ranar Juma'a, mutane su zo mu zauna ko na yini ɗaya ne.

"Za mu yi masa addu'a mu ya mu," in ji shi. "In aka tara mutane tambayoyi za su yi yawa. Wane ne, a wane gari, wa ya san shagonsa. Allah yana ji ko mutum biyu ne."

Na ce to. Anti Binta, matar Kawu, ta dama mini kunu kwana uku a jere tana kawowa har ɗaki. Shi ke nan makokin Malam Idi a London.

Bayan wannan na kasa zaman ɗaki ranar Asabar. Sai in fita in yi ta tafiya a ƙasa ba inda na nufa. A haka na faɗa wata kasuwar tsofaffin kaya da ake bazawa a titi, inda ake sayar da agogunan da suka tsaya da cokula da hotunan mutanen da ba wanda ya san su. Wata tsohuwar Baturiya tana da tebur na kayan tangaran, masu kyau a sama, sauran a kwali ƙarƙashin tebur. Ni da kunya ba ta bari in taɓa na sama, sai na tsuguna ga kwalin. Na ɗauko wani faranti fari mai zanen shuɗi, gada da bishiyoyi da wani ɗan gida a bakin ruwa. Na juya shi don in ga bayansa, sai na ga layin 'yan ƙarafa tara, kowanne kamar ƙwayar shinkafa a tsawo, sun ratsa wata tsaga daga baki zuwa baki. Biyu-biyu aka yi ramukan. Ba kusa da tsagar ba, ba nesa ba.

"Wannan ba shi da daraja, ɗana," in ji tsohuwar da Turanci. "Gyararre ne. Masu tara kaya ba sa kallon irinsa."

Na tambaye ta wa ya gyara. Ita ce tambaya ta farko da na taɓa yi wa baƙo a ƙasar nan ba tare da an fara yi mini magana ba.

"Wa ya sani? A da akwai masu bin gida-gida da ɗan akwati. Kakata takan kira su in butar shayi ta fashe. Su zauna a bakin ƙofa su yi, ba a shigar da su ciki."

Na daɗe a tsugune har ƙafafuna suka yi tsami. Na biya ta, na tafi da farantin cikin rigar sanyina.

Ku kun san halina, abin da ya kama ni sai na bi shi har gindinsa. Na koma laburare na bar littattafan darasina na nemo na tangaran. Na koyi ɗaga faranti ga hasken taga in ga ko inuwar yatsuna za ta bayyana ta cikinsa. Na koyi ƙyasta shi da farce: lafiyayye yakan yi amo mai tsawo, mai tsaga kuwa sautinsa a mace yake. Na koyi karanta tambarin da ke ƙasa, da bambanta zanen da aka yi da hannu da wanda aka buga. Amma abin da na fi nema shi ne labarin masu ɗinkin, shi kuwa kaɗan ne, don ba wanda ya damu ya rubuta sunayensu. Na dai gano cewa da ɗan mahuji mai igiya suke aiki, suna murza shi a hankali, kuma ba sa huda farantin har ya fita ta gaba, rabi kawai suke shiga. Ƙarfen kuma sukan yanke shi ya ɗan gaza tazarar ramukan, sai an ja shi sannan ya shiga, wannan jan ne ke riƙe farantin shekara da shekaru ba tare da gam ba. Na sayi littafin rubutu na musamman. Duk farantin da na samo sai in zana tsagarsa, in nuna inda kowane ƙarfe ya zauna. A hankali na fara gane hannuwa. Akwai mai natsuwa da ke jera nasa daidai kamar haƙora. Akwai mai gaggawa da ke barin tazara a tsakiya. Akwai wani da na yi imani bahago ne, don duk ƙarafansa gefe ɗaya suka karkata, kuma na samu aikinsa sau uku a kasuwanni daban-daban. Masu tara kayan tangaran suna yawo suna neman wanda bai taɓa faɗuwa ba. Ni kuwa in na iso tebur sai in ce a nuna mini na ƙarƙashi. Kafin bazara ta ƙare ƙarƙashin gadona ya cika da farantai da kofuna da butar shayi biyu, kowanne naɗe da tsohuwar jarida.

Anti Binta ce ta fara gano su, ranar da ta shigo shara.

"Habu! Ashe jere kake tarawa ba mu sani ba? Yaushe za a kai ka ɗakin miji mu yi gayya?"

Na sunkuyar da kai.

"Namiji da kwanuka! To in za ka tara, ka tara masu lafiya mana. Waɗannan ai sun ga duniya fiye da ni."

Tana dariya ta mayar da su yadda ta same su. Mace ce mai barkwanci, ba ta da mugunta, kuma ban taɓa jin haushin tsokanarta ba.

A ƙarshen wannan bazara ta haifi ɗa namiji, bayan mata uku. Kawu ya gayyaci duk wanda ya sani. Ranar suna flat ɗin ya cika tun hantsi, mata a kicin da ɗakin Anti, maza a falo an janye kujeru an shimfiɗa darduma. Da azahar tire-tiren abinci suka ƙare wa masu rabo, sai Anti daga kan gadon jego ta ce su duba ƙarƙashin gadon Habu, akwai kayan amarya. Suka zaro mafi girma, wata doguwar tasa ta nama mai bakin zinariya da furanni kore, wadda na fi so a cikinsu duka. Ta gaba tsagarta kamar silin gashi take, sai ka ƙura ido za ka gani. Ba wadda ta juya ta. Suka cika ta da shinkafa da naman rago aka shigo da ita falo, ni ina tsaye da butar wanke hannu. Mutum shida suka zagaye ta suka ci har suka suɗe.

A cikinsu akwai Baba Yakubu, direban bas daga Plumstead, mutumin kudancin Kaduna. Kirista ne, amma ba suna ko biki na mai jin Hausa a London da za a yi ba a kira shi ba, saboda shi ke sa wuri ya yi daɗi. Shi ya ɗaga tasar zai miƙo mini, sai yatsunsa suka ji wani abu a ƙasa. Ya juya ta.

"Kai! Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Ashe Turawa ma suna da gyartai!"

Falo ya ɗauki dariya. Aka yi ta miƙa tasar hannu zuwa hannu.

"Alhaji Sa'idu," in ji wani likita abokin Kawu, "council masu tallafin talakawa ne suka ba ka wannan, ko a bola aka tsinto?"

Wani ya toshe hanci ya kwaikwayi kiran masu sana'ar, yana ja da muryar raini: "Gyartaai! A kawo fasasshiya!" Aka sake fashewa. Wani ya ce Allah ya raba mu da sana'ar zama a ƙofar gidan mutane. Aka ce amin. Kawu ya fi kowa dariya, har da share ido.

"Wannan yaron ne da kwashe-kwashensa," in ji shi yana nuna ni. "Kun san mahaifinsa harkar kayan gida yake yi. Abin a jini yake."

Yake yi. Haka ya ce, kamar Baba yana can zaune a shagonsa da rai da lafiya. A lokacin na tuna, ban da Kawu, ba ko mutum ɗaya a ɗakin nan da ya san ya mutu.

"Ya rasu, Kawu," na ce. "Kuma gyartai ne."

Muryata ba ta kai ko'ina ba. Baba Yakubu kaɗai ya ji, don yana kusa da ni.

"Me ka ce, ɗana?"

Har lokacin butar tana hannuna. Na ajiye ta.

"Na ce mahaifina gyartai ne. Sunansa Malam Idi. Ba shi da shago, jaka yake ratayawa. Ya rasu wata bakwai ke nan, kuma ba a yi masa addu'a a ɗakin nan ba."

Har mata a kicin suka daina magana. Wanda ya kwaikwayi kiran ya dubi tafin hannunsa. Sai tsohon malamin da ya raɗa wa jariri suna da safe ya gyara zama, ya ɗaga hannuwa ya ce a yi wa Malam Idi Fatiha. Kowa ya ɗaga, har Kawu, don ba yadda zai yi. Baba Yakubu ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, tasar na kan cinyarsa a kife, maiƙo na ɗiga a wandonsa. Da aka shafa ya ce, ba dariya a muryarsa, tsohuwarsa ta yi shekara ashirin tana tatsar nono a ƙwarya ɗaya saboda irin su mahaifina. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mini titinsa da lambar gidansa sau biyu, ya ce in riƙe.

Washegari da safe Kawu ya kira ni falo, ya riga ya sa kwat zai tafi ofis. Bai ɗaga murya ba.

"Ka tozarta ni a gaban mutanena ranar sunan ɗana. Na ji, baƙin ciki ne ya ruɗa ka. Abu biyu za ka yi a wuce wurin. Kafin in dawo tarkacen nan su bar gidana. Ranar Juma'a kuma in an idar da salla, ka sami likita da sauran ka ce musu wasa kake. Ka ce mahaifinka dillalin ƙwarya ne, gyartai yaransa ne."

"Kawu, ka yi haƙuri da ranar da na zaɓa. Ranarka ce, bai kamata in ɓata ta ba. Farantan kuma zan fitar, gidanka ne."

"Da kyau."

"Maganar ce ba zan janye ba."

Ya daɗe yana kallona, kamar yau ya fara ganina.

"To ka bi farantan," ya ce, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Anti Binta ta fito da jariri a kafaɗa, ta ji komai.

"Kai Habu! Kai da sai a yini ba a ji muryarka ba, ranar da ka tashi magana sai a sunan ɗana?"

Ta zauna tana kuka tana yi mini faɗa, tana kuma zaro tawul-tawul daga kabad tana miƙo mini in naɗe farantan kada su ƙara fashewa a hanya. Da akwati biyu na hau jirgin Plumstead. Littattafaina daga baya ta aiko mini da su.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Baba Yakubu da matarsa sun ba ni ɗan ɗakin da suke ajiye kaya, suka ware mini tukunya, suna tashe ni sahur da azumi. Amma ci da kai ya dawo wuyana. Na kama aikin wanke-wanke a wani gidan abinci, ina zuwa aji da barci a ido, na faɗi jarrabawa biyu, na gama karatu da jinkirin shekara da sakamakon da ba shi na zo nema ba. Inna ta aiko mini da kaset, tana cewa in je in ba yayanta haƙuri kada in raba ta da danginta, sannan can ƙarshen kaset ɗin, bayan ta yi shiru har na zaci ya ƙare, ta ce ta ji an yi wa Malam Fatiha a London, Allah ya yi mini albarka. Na je gidan Kawu sau uku. Kowane zuwa ta na'urar bakin ƙofa yake amsawa.

"Ka janye?"

"A'a, Kawu. Gaisuwa na zo yi."

"To ka gai da ƙofa."

Bai zo ɗaurin aurena ba. Bai zo sunanku ba. Kun tashi a gari ɗaya da 'yan'uwanku na jini ba ku san ɗakinsu ba, kuma wannan rashi ne da ni na ja muku, ban musa ba. Yaron da aka yi wa suna ranar, yau magidanci ne, mukan haɗu a masallaci ya gaishe ni kamar yadda ake gai da baƙo. Farantan da ke cikin kabad ɗin falo, waɗanda kuke jin kunya in abokanku sun tambayi dalilin da ya sa aka jera su a juye bayansu na kallon mutane, yanzu kun san dalili. Ba furannin nake nuna wa baƙi ba.

Da Kawu ya rasu na je ta'aziyya. Ba wanda ya hana ni shiga. Anti Binta ta tsufa, tana zaune a ƙasa da carbi, ta sa aka matsa mini wuri kusa da ita. Bayan mun gaisa ta rage murya.

"Kalma ɗaya ya nema a wurinka, Habu. Ka ce wasa kake. Har ya kwanta ciwon nan yana tambaya ko ka zo. Me zai ragu a jikinka da ka ba shi?"

"Anti, da tawa ce da na ba shi tun ranar. Ta Baba ce, shi kuma ba ya nan balle in nemi izininsa."

Sai ta jawo kwanon abinci ta tura gabana.

"Ci," ta ce. "Taurin kan nan duk na gidan kawunka ne, ba na gyartai ba."

Allah ya ji ƙan Kawu Sa'idu, ya saka masa da alherin da ya yi mini. Allah ya ji ƙan Malam Idi gyartai. Haka za ku riƙa faɗin sunansa in an tambaye ku, da sana'arsa a haɗe.